Ɗakin da Na Hana Bakatsine

Ɗakin bakin zaure ya zama wohi bayan kaka, da Issufu tela ya naɗe kekenshi ya koma Gaya wurin 'yan'uwanshi. Gidana ba babba ba ne. Ɗakuna ne a jere sun ba tsakar gida huska, ni ina can ƙurya. Matata Bilkisu ta rasu shekarun baya. Ɗiyata Fa'iza tana aure a Kandi, Zayyad kuma shina bin kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kwatano, in ya kira ni a salula to ko dai mota ta lalace ko salla ta zo. 'Yan hayana Dandawa ne, babbarsu Karimatu mai suyar kihi, mutuniyar Garu. Ina jin Dandanci, na ciniki da na rigima, amma ba da shi nake dariya ba. Issufu kaɗai nake hira da shi, shi ma rabin hirar kukan keke ne.

A unguwa ana cewa Manzo ba shi da daɗin baki. Ban musa ba. Lakwal ɗin da na yi, wato boko, bai kai a ba da labari ba, amma haya na san yadda nake ba da ita. Kowa ya zo ina tambayarshi aikin da shike yi da wanda zai tsaya mishi, sannan in tahi da ƙahwata in ga ɗakin da zai bari. Mutum na iya gyara bakinshi kahin shi zo gabana, ɗakin da ya kwana ciki shekara kuwa ba shi gyaruwa da sahe ɗaya. Ba ni tambayar ƙabila, ba ni tambayar inda mutum ke sa goshi. Kahin in yanke magana ko goro ba ni karɓa. In zan hana, a gaban mutum nake hanawa, in gaya mishi dalili. Abdulgani delege, mai unguwarmu, ya san haka, kuma ba a taɓa kai ni meri, gaban magajin gari, a kan ɗaki ba.

Wata Asabar kasuwa na ci, warin albasa ya cika gari, wani dogon mutum siriri ya yi sallama a zaure, hula a karkace.

"Kai ne mai gidan?"

"Ni ne."

"An ce kana da ɗaki, an kuma ce kana da baƙin hali. Ni ɗakin na zo gani."

Na dube shi daga hula har silihwas. Na ce, "Daga ina?"

"Ƙasar Katsina, wajen Jibiya. Haliru sunana."

"Ni iyayena daga Argungu sunka zo."

Sai ya buga hannu a cinya. "Ashe gidan bawana na zo nake ta ɓata sallama. Shi ya sa tun daga titi nake jin ƙarni. Tashi ka shimhiɗa ma ubangidanka tabarma."

Tsakanin mu Kabawa da Katsinawa wasa ne tun kakanni. Kowa na ce ma ɗan'uwanshi bawa, zagi ba laihi ba ne, wanda ya yi hushi shi ne ya ji kunya. Ni kuwa tun rasuwar Bilkisu ba wanda ya zage ni. Kowa Baba Manzo, Baba Manzo, a gaishe ni da sauri a wuce. Sai na ji bakina ya buɗe da kanshi.

"Bakatsine da tabarma? Ga buhu can. Ku dai a bar ku da babbar riga, aljihu ba ko dala."

Ya zauna a kan tabarmata, ya ture ni gehe. Na yi mishi tambayoyina, bai ɓoye komi ba. Isansi shike sayarwa a kwalabe, man da ake shigowa da shi daga Najeriya a kan moto, wato babur, teburinshi na bakin hanyar Kandi. Wanga bai dame ni ba, rabin motocin garinmu Malanbil shi suke sha, har tawa. Wanda zai tsaya mishi shi ne Maigandi na ƙauyen Madekali, tsohon da shike zaune gidanshi. Nisa ne ya gajishe shi, kullum jigila da sahe da marece. Na ce to, zan tahi in ga ɗakin, shi gaya ma Maigandi shi buɗe mini.

"Tahi ka gani. Ka tahi da sabulu, ka ga yadda mutane ke wanka."

Bayan kwana kaɗan Abdulgani ya kawo mini wani mushe, haka muke ce ma malamin lakwal, wanda anka turo daga kudu, mutumin Bohikon. Ba Hausa, ba Dandanci, delege ke juya mana magana. Na ce a gaya mishi akwai wani a gabanshi, in bai yiwu da wancan ba zan neme shi. Ya ce to, ya tahi.

Haliru kuwa ya mai da zaurena wurin zama. In an yi la'asar sai shi bar teburi hannun maƙwabcinshi shi zo, mu zauna har a kira magariba. Ba wata magana mai nauyi muke yi ba. Shi ce Kabawa ba su san nama ba sai abin da ke da ƙaya, in ce Katsinawa har tuwo ba su ci sai sun duba ko ana kallonsu. Shi ba ni labarin yadda gadar iyaka ta ruhe kasuwa ta mutu rabi, in ba shi labarin lokacin da kamiyo ke kwana a layi har bayan gari. Wata rana ya zo da tsire a takarda. Na ce ya sani ba ni karɓar komi kahin in yanke.

"Wa ya ba ka? Ubangida ke ci, bawa na kallo."

Ya ci tsinke ɗaya shina lumshe ido, ya ture mini sauran da ƙahwa. Na ci. Na ce ma kaina wanga ba goron haya ba ne.

Madekali dai ban tahi ba. Yau in ce moto ba ta da lahiya, gobe in ce rana ta yi. Karimatu ce ta tare ni da sahe tana wanke kasko.

"Baba Manzo, ni har Garu ka bi ni, ana ruwa, ka leƙa har ƙarƙashin gadona. Wanga dogon ba ka zuwa nashi?"

"Wa ya ce ba ni zuwa?"

"Ba kowa. Na dai ga ɗakin a kulle, shi kuma na gan shi a tabarma."

Na hitar da moto.

Hanyar ta ratsa gonakin shinkahwa, an yanke, shanu na kiwo a karmami. Gidan Maigandi na can bakin gari. Tsoho ne mai magana a hankali, ya ba ni ruwa, ya yabi Haliru har na gaji da ji. Bai taɓa ɗaga murya ba, bai taɓa kawo mishi ɗan banza gida ba, in saniya ta ɓalle shi ke hwara binta. Sannan ya kai ni ɗakin. Shi kaɗai ne a tsaye kusa da garke, nesa da wurin mata.

Da ya ture ƙohwa sai da na ja baya. Bido ne, jarkokin mai masu ruwan ɗorawa, manya, an jera su wani kan wani har kusa da kwano, gado a matse a tsakiya kamar kabari. Wari ya shiga mini ido. Ɗakin a share shike, ba datti, kaya a ninke, bango ba zane. In da bidon nan ruwa ne a ciki, da a ranar na ba shi makulli.

"Kullum nan suke kwana?"

"Kullum," in ji Maigandi. "Ai nan ba mai hura wuta kusa. Ko taba na hana a sha ta wajen nan."

Ni kuwa a gidana murhun Karimatu dab da ƙohwar ɗakin bakin zaure shike. Tun hantsi mai na tahwasa a kasko, iska na ɗaukar tartsatsi, sauran mata kowa da gawayinta, 'ya'yansu na gudu tsakani. Na yi ma tsoho godiya. A hanyar dawowa ko jaki ya so wuce ni ya wuce.

Da la'asar Haliru ya zo kamar kullum.

"Na tahi Madekali," na ce.

"An gaya mini. Wai an ga wani Bakabe shina shinshinar bango kamar akuya."

"Ba ni ba ka ɗakin, bawa. Kai da bidonka za ku gasa mini gida."

"To ai ka huta da sayen itace. Kihinku shi gasu kyauta, unguwa duka ta ci."

Dariya ta kubce mini. Na tare ta, na ce, "Da gaske nake."

"Yaushe Bakabe ya taɓa yin gaske? Ku da ko rantsuwa a cikin ruwa kuke yinta don ta wanke."

Na sake dariya, har da tari. Daga nan ya shiga labarin wani jandarma da ya sha mai bashi, magana ta bi ta can, ladan ya kira salla, ya sa silihwas ya tahi. Na zauna ina cewa ai na gaya mishi. A cikin wasa kuwa kullum hana juna muke yi. Shi roƙi ruwa in ce babu, sannan in miƙa mishi. Duk abin da na hana shi tun da munka haɗu, a ƙarshe ya samu.

Ranar Juma'a da hantsi ina zaure na ji ƙarar amalanke. Haliru ne a gehen jaki, hula a karkace, gado a ɗaure sama, buta na lilo. Ƙasa an lulluɓe kaya da buhunan albasa, amma ruwan ɗorawa na leƙowa ta gehe.

"Buɗe ƙohwa, ubangidanka ya iso. A share hanya."

Maƙwabta sunka hito suna dariya, don duk sun saba jin mu. Karimatu ta leƙo da matsami a hannu, hayaƙi na tashi a bayanta. Ni ta duba.

Abdulgani na zaune bakin shagonshi tsallaken hanya. Na ɗaga mishi hannu ya zo. Sannan na tsaya a ƙohwar zaure.

"Malam Haliru, tsai da jakin nan."

Ya waiga baya kamar shina neman wani. "Wa ke malam a nan? Kai bawa, rana ta taɓa ka?"

"Na ajiye wasa. Delege, ka zama shaida, don kada gobe a ce ban hwaɗi ba ko a ce wani abu daban na hwaɗi."

Dariyar mutane ta tsaya. Mai amalanke ya ja igiya.

Na ce mishi sana'arshi ba ta dame ni ba, wanda ya tsaya mishi ya yabe shi, kuma ɗakin da na gani na mai tsabta ne. Abu ɗaya ne. Isansi ba shi kwana a gidan ga. Na nuna mishi murhu, na nuna mishi ƙohwar ɗakin. Na ce ko Zayyad ɗan cikina ya zo da bidon nan haka zan tsaya mishi a nan. In ya samu inda zai ajiye man a wani wuri, ɗaki nashi ne, zan riƙe mishi har kasuwa ta watse ranar Lahadi, don akwai mai jira a bayanshi.

Ya dube ni. Ban taɓa ganin huskarshi ba dariya ba, sai na ga ashe ya girme yadda na ɗauka.

"Manzo, abin da ka gani a amalanken nan shi ne ni. In na kwana nesa da shi, ko ɓarayi ko 'yan duwan masu kama kayan sumoga, da sahe sai labari. Ba ni iya rabuwa da shi."

"To ba ɗaki."

"Mi ya hana ka hwaɗi tun ran nan?"

"Na hwaɗi."

"Kana dariya ka hwaɗi. Bawa ka ce mini."

Haka ne kuwa. Na ce, "Shi ya sa yau na kira sunanka."

Abdulgani ya shiga tsakani da muryarshi ta sulhu. Ya ce akwai wani gida wajen bakin gulbi, mai shi ba shi da iyali a ciki, ba a girki, shi zai raka shi su tambaya. Haliru ya ce ya gode, Maigandi bai riga ya ba kowa ɗakin ba, ya san hanya. Sannan ya matso kusa da ni, ya rage murya yadda mutane ba za su ji ba.

"In da na ce maka zan ajiye shi wani wuri, in riƙa shigo da shi a ɓoye?"

"Da ranar da na gani na hitar da kai."

"Shi ya sa ban ce ba."

Ya kama kan jaki da kanshi ya juya amalanke. Hanyarmu ƙunci gare ta, sai da anka yi gaba anka yi baya, gado ya goge bangon Arziki maƙwabcina, buta ta hwaɗi. Ba wanda ya yi dariya. Ya duƙa ya ɗauka, ya bi bayan kayanshi. Karimatu ta koma ga kaskonta.

Asabar na share ɗakin, na cire yanar gizo, na gyara sakata. Lahadi tun azahar ina zaure. Kamiyon albasa sunka yi lodi sunka tahi, masu amalanke sunka koma gida wohi, mutanen ƙauyukan Garu da Tumbutu sunka wuce a kan kekuna da ragowar kayansu. Duk dogon da ya ɓullo daga kwana sai na ɗaga kai. Har anka kira magariba.

Litinin na ce ma Abdulgani shi kai ni inda mushen ke zaune. A bayan lakwal ne, ɗakin wani abokin aikinshi, tabarma ɗaya da akwati, littattahai a kan kujera, gicciye a rataye a ƙusa. Shugaban lakwal ya ce shi ya tsaya mishi. A lungu na ga ƙaramar tukunyar gas. Na ce delege shi gaya mishi wagga ba ta kwana a ɗaki, akwai rumhwar girki a bayan gida mai ƙohwa, can za ta zauna. Mushe ya ce ba komi. Na ba shi makulli.

Da marece Arziki ya same ni a zaure.

"Manzo, ka kori musulmi ɗan'uwanka a gaban jama'a, ka ɗauko ɗan kudu da ko sannu bai sani ba?"

"Abu ɗaya na nema wurinsu su biyu. Wanga ya iya, wancan bai iya ba."

"Amma dai abokin wasanka ne."

"Ga ɗakin ajiyarka can kusa da madahinku, ba komi ciki sai buhuna. In kira maka shi?"

Ya ce shi ba haka shike nuhi ba, ya tashi.

Mushe ɗan haya ne da ba a samun irinshi. Ba a jin motsinshi. Da sahe shi ce bonjur papa, da marece bonsuwar papa, in ce yauwa. Wani lokaci shi zauna bakin ƙohwarshi shina magana a salula da mutanen garinsu, shina ƙyalƙyala dariya da harshensu, ni ina zaure ina jin shi. In ya gama sai shi ɗaga mini hannu shi shiga ciki.

Bayan kamar wata guda man motota ya yi ƙasa. Akwai masu kwalabe a bakin layinmu, na wuce su. Na wuce na bakin tasha. Na bi hanyar Kandi har inda teburinshi shike, ƙarƙashin wata itaciyar bedi. Shina zaune a kan benci, kwalabe a jere rana na haska su. Na kashe moto.

"Kai bawa, tashi ka zuba mini. Ba wanda ka gauraya da ruwan gulbi ba."

Ya miƙe da sauri, ya gyara hula ta zauna daidai.

"Sannu da zuwa, Baba Manzo. An wuni lahiya? Ina mutanen gida?"

"Lahiya lau."

"Madalla. Nawa za a zuba?"

Na ce kwalba ɗaya. Ya buɗe tanki, ya sa mazurari da ƙyalle a baki, ya zuba a hankali ko ɗigo bai zuba ƙasa ba. Ya ruhe, ya goge tankin da tsumma har inda mai bai taɓa ba. Na biya, ya karɓa da hannu biyu.

Na ce, "Har yanzu dai Katsinawa ba su koyi cika kwalba ba."

"A yi haƙuri, Baba. In ƙara maka kaɗan?"

"Bar shi."

"To Allah shi kiyaye hanya. A gaida gida."

Wani mai moto ya tsaya da buhunan shinkahwa a baya, Haliru ya juya wurinshi. Na ji shina tsokanarshi da Zabarmanci, mutumin na ramawa. Na tsaya kaɗan ina gyara madubi da ba abin da ya same shi, sannan na tada moto.